Ƙwallon Emenike

Kafanchan, 4 ga Maris, 1976

Ɗan'uwana Andrawus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Alƙahira, yaya Hellen da yara? Mun ji yanzu da kai ake shirya wasannin ƙasashen Afirka. Kai da muka sani kana bin gefen filin reluwe da fensir a kunne.

Ba don hira na rubuto ba. Emenike direban jirgin ƙasa yana kwance, jikin ya yi tsanani. Ka tuna kofin 1961 da muka ci 'yan Jos ɗaya da nema? Shi ya ci ƙwallon nan, jaridarka ta ce ni ne. Shekara goma sha biyar ina shan yabo, har matata Bernice da wannan jaridar na samo ta. Shi kuwa in ya ba da labarin, 'ya'yansa dariya suke yi. Na faɗa musu gaskiya, suka ce tausayinsa nake ji, jarida ba ta ƙarya. Kunya ta ishe ni. Ka rubuto ka gyara tun yana da rai.

Naka,
Wilfred

Alƙahira, 29 ga Maris, 1976

Wilfred abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, wasiƙarka ta sa ni kewar gida, har ina jin usur ɗin jirgi a kunnena.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban ga ƙwallon nan ba. Ka san a hannun gadin jirgin biyar da rabi nake aika labari Kaduna. Ranar an makara da fara wasa, saura minti goma a tashi wasa na ruga tasha. Ina isa na ji fili ya ɗauki ihu, wani mai keke ya ce mun ci. Da yake kai ka saba ci, na ɗora takarda a kan gwiwata na rubuta sunanka, jirgi ya fara motsi. Labarin nan ya sa aka ɗauke ni aiki a Kaduna, daga can Legas, daga can nan. Na ji gaskiya daga baya, tsoro ya hana ni gyarawa.

Ga takarda da hatimin ofishinmu. Na rubuta cewa Emenike ne ya ci, da wannan ƙafar hagun tasa da kowa ke tsoro. Ka roƙa mini gafararsa.

Ka gai da Bernice,
Andrawus

Kafanchan, 20 ga Afrilu, 1976

Andrawus,

Salama. Takarda ta iso a kan lokaci. Babbar 'yarsa Ijeamaka ta karanta masa a gaban ƙannenta, ba wanda ya yi dariya sai shi. Ya ce ya yafe, amma a gaya maka har yanzu ba ka ga wasan ba, da ka ya ci, ba da ƙafa ba.

Mun binne shi ranar Talata. Mun bi da shi ta gefen fili.

Ubangiji ya kiyaye ka,
Wilfred