Karatun da Auta take rera maka

Baban Auta,

Na wuce asibiti, ban tashe ka ba. Jiya malamar Auta ta tare ni a bakin makaranta. Ta buɗe littafin zomon nan da kuke karantawa kullum, ta nuna kalma ɗaya, yarinya ta yi tsuru-tsuru. Ashe haddace shi ta yi, take rera maka, kana latsa waya kana "madalla". Aiki ɗaya tak na bar maka a gidan nan!

Yau ka ajiye wayar, ka bi kowace kalma da yatsa tare da ita.

Kunyar da na sha da sauƙi. Da malamar ta gyara mata, kuka ta fashe da shi, wai Babanta ya ce ta iya.