Golan Kiru ya zo neman auren ƙanwata

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin tsine mini, ni ma na tsani kaina.

Shekarar da makarantarmu ta Tudun Wada ta ɗauko garkuwar tamaula, ni na ci ƙwallon ƙarshe a filin Bebeji, muna karawa da 'yan Kiru. Har yau in na shiga kasuwa mahauta sai sun yi mini kirari, ni kuwa in ta baza haƙora. To jama'a, ƙwallon nan ba ta shiga ba. Lokacin babu raga, gora biyu ce a kafe da igiya a sama, kuma ta bayan gorar ta wuce, da idona na gani. Golansu, wanda zan kira Ilu, ya yi ta rantsuwa da Alƙur'ani cewa waje ta yi. Malamin da ke busa usur yana nesa, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsakaninka da Allah, ta shiga?" Na ce ta shiga. Me ya hana bakina faɗin gaskiya? Ihun mutanen garinmu ne ya yi mini daɗi, ba wani abu ba. Aka zane Ilu a gaban jama'a saboda rantsuwar ƙarya, mu kuma aka ɗauke mu a kafaɗa. Babana yana wurin, ya ji rantsuwar, ya ga dukan da aka yi masa.

Yanzu Ilu ɗinki yake yi a Dangora, mutumin kirki, ga shi Allah ya haɗa shi da ƙanwata Hanne, suna son juna ƙwarai. Da magabatansa suka zo, Baba ya gane shi, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya taɓa rantsuwa da Alƙur'ani kan ƙarya saboda wasan banza ba. Hanne ta daina cin abinci sosai. Ita ce ma ta zo tana roƙona in sa baki, wai Baba yana jin maganata tunda bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Kunya ta kusa kashe ni.

Ran kasuwa Ilu ya tare ni. Na zaci zagi zan sha, amma ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Yaya, ba na neman garkuwa. Mu biyu ne muka ga inda ƙwallon nan ta bi."

Baba ya ce bayan sallar Juma'a zai ba su amsa ta ƙarshe. In na yi magana, na kunyata tsoho da makaranta da garinmu gaba ɗaya. In na yi shiru, na sa an zane Ilu karo na biyu, wannan karon har da Hanne. Me zan yi?