Na Ƙara wa Kwamfutar Manaja Gudu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya idon Baba? Na ji an sa ranar aikin, ashirin ga wata. Ki gaya masa ina nan tafe, ni zai fara gani idan an cire bandeji.

Yaya, na yi wani karambani a wurin aiki. Kwamfutar da nake haɗa bidiyo da ita tafiyar hawainiya take yi. Makon jiya haƙurina ya ƙare, na shiga saitinta na ƙara wa furosesa gudu, wato ƙwaƙwalwarta, fiye da yadda masu ƙera ta suka ƙayyade, na kuma ƙara mata wuta kaɗan. Aikin awa shida ya koma huɗu da rabi. Manaja sai yabona yake yi. Kada ki yi mini faɗa, 'yar mai gyaran rediyo ce ni, ba na iya ganin na'ura in ƙyale ta.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ku, ina yi wa Baba ya jiki. Ni kam na ɗebo ruwan dafa kaina. Da Manaja ya ga aiki na sauri, sai ya karɓo na makarantu uku a lokaci guda. Ita kuma kwamfutar zafi take ɗauka kamar dutsen guga. Na cire murfinta, na juya mata fankar ofis, ni ina zaune ina gumi. Idona na kan lambar zafi, tana kai casa'in sai in tsayar da aiki ta huce.

Jiya na mayar da saitin yadda yake a da. Allon ya yi shuɗi, ta mutu. Wutar da na ƙara ta riga ta cinye ta, yanzu sai da lallashina take tashi. Mai ɗaukar hotonmu ya zauna ya yi aiki da ita da na fita cin abinci, aikin safiya gaba ɗaya ya salwanta. Na nemi hutu, Manaja ya ce sai an gama. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, in na yi shiru ban ga ranar tashi daga kujerar nan ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Taki,
Auta

Yayata,

Na samu saƙonki, na gode wa Allah da aka yi aikin lafiya. Kin ce da aka cire bandeji Baba ya dudduba ɗakin ya tambayi Auta. A lokacin ina nan ina kallon lambar zafi a tamanin da takwas.

Wallahi na yi ƙoƙari. Ran sha tara na shiga ofishin Manaja na faɗa masa komai, ina fatan ya kore ni in kama hanya. Dariya ya yi. Ya ce ya sani tun ranar da ya ga murfin kwamfutar a jingine da bango, kuma tunda ni kaɗai ce na san halinta, babu inda za ni sai an miƙa aiki. Na koma kujerata na yi kuka.

Ki gaya wa Baba gaskiya. Shi ya koya mini in dafa bayan rediyo, in na ji zafi in kashe. Ki ce ya yafe mini.

Yau da safe an kawo sabuwar kwamfuta, tana cikin kwali kusa da ƙafata. Manaja ya ce in yi mata yadda na yi wa ta farko.

Ƙanwarki mai kewarku,
Auta