A Sare Kai, a Bar Saiwa

Ni ne Lopeti Taufa, mahaifinku. Ina rubuta wannan da hankalina a jikina, ba zazzaɓi, ba maganin da ke sa mutum sambatu. Zuciyata ce ta gaji, kuma likita bai ɓoye mini ba: da wuya in ga tsinkar 'ya'yan itacen ceri ta bana. Lesieli, Taniela, yanzu kun yi ƙanana, mamanku Bronwyn za ta karanta muku. In kun girma ku karanta da kanku, ku yi mini uzurin rubutu, ban yi nisa a makaranta ba.

Daga inda nake kwance ina hango gonar Kakanku Des, mahaifin mamanku. Furen ceri ya zube, ƙasa ta yi fari fat. Jiya, Taniela, ka shigo da gudu kana ihu wai dusar ƙanƙara ta sauka. Ban ƙaryata ka ba, don ba ka taɓa ganin ta gaske ba. Ni na gan ta shekarar da na zo garin nan Batlow daga tsibirinmu Vava'u aikin tsinka. Na fita da silifa, na damtsa na kai baki. Kakanku na bakin rumfa yana ƙyaƙyata dariya: "Kai ɗan tsibiri, ba garin kwakwa ba ne! Koma ka sa takalmi kafin yatsunka su zube." Tun da aka haife ku ba ta sake sauka a gonar nan ba, sai can kan duwatsu, ita ma kamar an barbaɗa gishiri.

Abin da na lura shi ne ceri na son barci cikin sanyi mai tsanani. In sanyin bai isa ba, sai ta farka kamar wanda aka tasa da tsakar barci: wannan reshe ya yi fure yau, wancan sai ya ga dama, ƙudan zuma su rasa inda za su kama, furen ya faɗo har da tsinkensa, ba ɗa. A Vava'u kuwa bishiya ba ta san barci ba, ganye kore shekara zagaye, guguwa kaɗai ke tuɓe ta. To, yaya bishiya ke sanin sanyi ya ishe ta? A ina take ajiye lissafin? Na tambayi kowa ban gamsu ba. Na bar muku tambayar, tana cikin abin da za ku gada. Ga wasiyyata:

1. Wuƙata ta auren bishiya da almakashin sassabe na Lesieli ne. Na ga yadda kike tsugunawa kina kallon tururuwa har abinci ya huce. Mai irin wannan ido ne ke iya aure reshe da reshe. A ajiye mata su sai hannunta ya yi ƙwari.

2. Tabarmar ɗaurawa a ƙugu da mahaifiyata ta saƙa ta Taniela ce, da babbar rigar sanyina. Ɗaya ta can, ɗaya ta nan. Kada ka ji kunyar ko ɗaya.

3. Na yi wa maƙwabciyarmu, tsohuwa Petrakis, alkawarin gasa mata alade a rami irin na gida, ranar da ta kwana da ku ina asibiti. Kullum ta gan ni sai ta ce, "Lopeti, aladen nan ya tsufa ko har yanzu yana shan nono?" Abokan aikina na coci su cika mini, a kira ta ta zauna a gaba.

4. Wannan ne ya sa na ɗauki biro, ku saurara da kyau.

Ranar da aka haifi kowannenku na roƙi mabiyiyarsa a asibiti, na binne ta a gindin bishiya kamar yadda aka yi mini a gida. Su ne bishiyoyin ceri biyun nan na ƙarshen layi, kusa da madatsar ruwa. Yanzu Kakanku ya yanke shawarar kawo katafila ta tuge layin duka, tunda an jima ba ya ba da ko cikin bokiti. Gwaggonku Kalolaine, yayata, ta ji labari ta waya, ta ce in aka tuge su an tuge ku, ba ku da sauran ƙasa a nan, za ta zo ta tafi da ku Vava'u. A wurinmu maganar gwaggo ba a tsallake ta. Kakanku ya ce, "Ta zo ta biya kuɗin feshi tukuna." Ita kuma ta ce, "Ku gaya wa tsohon nan jikoki ba kwalin tuffa ba ne." Tun ranar ba su sake gaisawa ba, mamanku na tsakiya tana kuka a ɗakin wanki don kada ku ji.

Na daɗe ina juya abin, tunda kwanciya ta ba ni lokaci. Kowa da gaskiyarsa. Manomi ba ya ciyar da bishiyar da ba ta ciyar da shi. Amma abin da na binne ba a reshe yake ba, a ƙasa yake, saiwa ta riga ta sha shi.

Saboda haka ga roƙona. A tuge layin, ban hana ba, a bar biyun nan. In sanyin baɗi ya zo ƙarshe, kafin idon toho ya fashe a reshe, a sare su daidai ƙugu, a aura musu reshen irin cerin da ake nomawa a ƙasa mai ɗumi, wanda ɗan sanyi ke isar sa. Baba Des, kai ka riƙe zarto, ba mai hannunka a gundumar nan. Yaya Kalolaine, ki zo da kanki, ke za ki ɗaure mahaɗin, ki taho da rigar sanyi don silifa ba ta aiki a nan. Kada ɗayanku ya fara sai ɗayan na tsaye.

Ban ce lalle zai kama ba. Na gwada a wata bishiya bara, reshe ɗaya ya mutu, ɗaya na nan da ganye. In bai kama ba, kada a zargi kowa, kututturen zai yi toho, a sake gwadawa. Ni ma reshen ƙasa mai zafi ne aka aura a nan, ga ku.

5. A binne ni a Batlow. Yaran su zauna da uwarsu. Amma a riƙa kai su Vava'u lokacin haƙar doya, su san ruwan sama mai ɗumi da mutum ke wanka a cikinsa, su kwana a ɗakin gwaggonsu, su ji harshena a bakin wasu. Bronwyn, na san tafiyar da nisa. Ki yi haƙuri da ni wannan karon ma.

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin mai jiran bishiya. Ku riƙe gidajen nan biyu, kada ku bari a sa ku zaɓi ɗaya. In wata shekara dusar ƙanƙara ta dawo, ku fita ku ɗanɗana, amma da takalmi. Ranar da reshen nan ya yi fure kuwa, ku lura ko furen ya zube shi kaɗai ya bar ɗa a tsinke, sannan ku taho inda nake, ku biyun da Kakanku da Gwaggonku, mamanku na gaba, ku gaya mini. Ina son in sani.

Mahaifinku,
Lopeti