Wai Ba Ni da Kunnen Waƙa

Talata da dare, unguwar Al Muraqqabat, ƙasar Larabawa

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a ajin tarihin kiɗa Malama ta tsayar da mu huɗu mu rera wata waƙar Italiya ta zamanin Renaissance, irin wadda suke kira madrigal. Muryoyi ne zalla, ba kiɗa, kuma ba mai bayarwa ba 'yan amshi. Ta farko tana tsakiyar baitinta ta biyu za ta faɗo da irin karinta, haka har ta huɗu. Ni ce ta biyu.

Sau uku ina jiran ta farkon, Maryam 'yar Sudan, ta dire kafin in karɓa. A na ukun Malama ta ajiye takarda ta ce, "Khalas, ya isa haka, habibti, ba ki da kunne. In a jarrabawar ranar Alhamis ma haka ne, kin faɗi."

Ni ce ba ni da kunne? Shekara ashirin Baba yana amshi a bayan mawaƙi a Kano. A gidanmu ko a gaɗa kika shiga bakin mai bayarwa sai kin sha harara. Na ji wurin shigar sarai, bakina ne ya ƙi, don haka aka tarbiyyantar da shi. Ko tambayata ba ta yi ba, kuma in na faɗi, tallafin karatuna ya tafi.

Na kira Maryam, gobe za mu gwada a ɗakina. Na ce kada ta kuskura ta dakata mini. Zan shiga bakinta, Baba ya yi haƙuri.