Filon da Muke Tokare Babanka da Shi

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka. Ya aiki, ya sanyin garin mutane? Ƙafar nan taka ta daina kumburi? Matar maƙwabcinmu ce ke rubuta mini, na ce yadda na faɗa haka za ta sa, kar ta gyara mini baki. Ban yi maka maganar a waya ba don babanka kunnensa na nan garau, ko raɗa na yi sai ya ji.

Auta, mutumin da kake gani a waya ran Lahadi, haɗa shi muke yi. Tun safe yayarka ke goge masa jiki, ni in shafa masa mai a fuska, mu sa masa babbar riga don kar ka ga ƙashin wuyansa, mu tokare bayansa da filo. Shi yake ba da umarni, har da a ajiye keken ɗinkinsa can bayansa da ƙyalle a kai, wai ka ga kamar yanzu ya tashi daga aiki. Keken nan rabonsa da juyawa tun bara. Kana kashe waya sai babanka ya sulale, sai mun kama shi mu biyu. Kai kuma ka ga tsoho na dariya, ka ce to sai baɗi ka zo.

Na san abin nan, don an yi mini. Ina yarinya na bi duniya ni ma, ƙasa ƙasa, na yi wankin zannuwa a otal, na yi shara a tashar jirgi, har hannuna ya zama kamar na namiji. Yau ba na tuna sunan garuruwan ma, sai warin omo da ɗakin da muke kwana a jere kamar kifi. A can aka aiko mini hoton Inna a tsaye, ta sha ado. Na liƙa shi a bango, na ci gaba da guga hankali kwance. Ashe yayana ne a tsugune a bayanta ya riƙe ƙugunta. Da na dawo na same ta da rai, amma ta riga ta daina gane fuska, tana kirana mai magani.

Babanka har yanzu yana gane kowa, yana ma tsokanata wai na fi shi tsufa. Likita dai ya daina canza magani. Ni kuma bayana ya gaji da ɗaga shi, bakina ya gaji da cewa da sauƙi.

Ka roƙi mai gidan aikinka ya bar ka ka zo gida. In ya hana ka, ka taho hakanan, aiki ba ya ƙarewa. Kar ka tsaya sayen tsaraba.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka shigo ɗakin za ka firgita, to ka haɗiye. Ka zauna ka ce masa ai ya fi kyau a fili, ka ce hutu kawai aka ba ka. Ya sha wuya sosai wajen ruɗinka, kar ka nuna masa bai iya ba.

Yayarka na gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce,
Mahaifiyarka