Rabin Ƙwaya, Sau Ɗaya a Rana

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ai ba kai za ka karanta ba, ni za ka miƙo wa, ka gyara zama a kan buzunka, ka ce in bi a hankali kada in haɗiye wani abu.

Muna nan unguwar Sotega a gidan da ka bar mu, sai dai 'ya'yan mai gidan sun ɗora bene a gaba sun tare mana iska. Ɗanka Sani ya bar tuƙin taksi ya koma Okala da iyalinsa. Yaransa suna jin Hausa sarai, amma da Faransanci suke amsawa, da ka gan su da an sha faɗa. Shagonka na Oloumi wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu. Inna ta tsufa, amma bakin nan nata yana nan daram. Saboda ita ne ma na ɗauki biro.

Ranar Talatar da ta wuce ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya, muka kai ta ɓangaren gaggawa na asibiti. Kafin la'asar suka sallame mu. Likitar sa'ar 'yata ce. Ta danna kwamfuta, inji ya fito da ordonans, takardar maganin ke nan, fes da ita, kowane harafi a tsaye. Na duba sunan maganin farko. Na san sunan nan, shi ne a bayan ƙwayoyin da na riƙa ba ka. A gefensa an buga: rabin ƙwaya, sau ɗaya a rana.

Ni guda guda na ba ka, Baba, sau uku. Safe, rana, dare.

Ka tuna lokacin? An karya darajar kuɗin sefa, komai ya ninka kuɗi, sannan hukuma ta ce duk baƙon da ba shi da kart sejur, takardar zaman ƙasa, ya tattara ya tafi. Taka ta ƙare, sabuntawa kuma ta fi ƙarfinka. Jandarmomi suna tare taksi a hanya, ana kwasar mutane zuwa tashar jirgin ruwa. Ka daina zuwa shago, ka zauna a gida, har safiyar da ka yanke jiki ka faɗi a bakin famfo. Da ni aka haɗa ka zuwa asibiti, don ni ce haifaffiyar ƙasar nan, ni ce 'yar lakol, makarantar boko, mai jin Faransanci. Shekarata goma sha shida.

Likitan ya ce zuciya ce, yana so a kwantar da kai. Sai ka hango mutum biyu masu kaki a bakin ƙofa. Wataƙila mai rauni suka kawo, wa ya sani? Kai dai ka fara laluben hularka. Likitan ya yi magana ya gaji, ana ta kiransa daga wani ɗaki, sai ya rubuta takardar a tsaye, a kan tafin hannunsa. Ya yi mini bayani da sauri. Idona yana ƙofa, takalmanka suna hannuna, kai kawai nake gyaɗawa. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta zauna ba.

Kuɗin farmasi ya gagara, muka wuce wurin Malam Idi, mai sayar da magani a tebur bayan masallaci. Bai yi boko ba, amma ya saba da fasalin rubutun likitoci. Ya gane sunan maganin, ya yanko ƙwayoyin da almakashi, babu kwali, babu takardar bayani. Yadda za a sha ne ya shige masa duhu, sai ya miƙo mini ordonans ɗin. Kafin in buɗe baki ka riga ni, ka shaida masa cewa Balarabarka ko Bature ne ya yi rubutu da ƙafa za ta karanta. Kana haki kana dariya, mutane suna kallona.

Na duba, Baba. Kamar kaza ta yi tono a yashi. Akwai wani abu da zai iya zama ɗaya, zai iya zama biyu, zai iya zama uku. Ban gane ba. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, amma ta yaya, bayan wannan kirari da ka yi mini? Na tuna duk maganin da aka taɓa sha a gidanmu safe ne da rana da dare, sai na faɗi haka da ƙarfin murya. Malam Idi ya ƙunshe ƙwayoyin a cikin takardar, daga baya ta yage aka share ta da shara.

Kwanakin farko ka ji sauƙi, kumburin ƙafafunka ya saɓe, kana ta sa mini albarka. Sai amai ya fara, ko kunu ba ya zama. Daga nan ka ce bangon ɗaki ya koma rawaya, farin mayafin Inna ma haka. Dattawan unguwa suka taru suka yanke cewa ciwon shawara ne, shawara kuwa ba ciwon asibiti ba ne, allura ma illa take yi wa mai ita. Kowa ya ji daɗin wannan magana, don babu mai son bin hanyar da jandarmomi suka tare. Aka kawo jiƙo. Na lura idanunka farare ne, ba irin na Sani ba lokacin da ya yi tasa shawarar, amma yaushe yarinya za ta tsoma baki a maganar manya?

Ƙwaya kuwa ban taɓa fashi ba. Har agogon Sani na ara. Idan ka amayar da ita, sai in ba ka wata don kada a yi asarar lokaci. Wannan ko Inna ba ta sani ba. Kana ganina da kofi sai ka yunƙura ka zauna, ka ce likitarka ta iso. A kwana na goma sha ɗaya, bayan la'asar, ka cika.

Kwalin maganin Inna ya zo da takardar bayani a ciki. A kan bencin farmasi na zauna na karanta ta. Akwai wurin da aka jera alamomin da ake gani idan maganin ya yi wa jiki yawa: amai, ƙin abinci, ganin abubuwa rawaya. Shekara talatin ina zargin kaina sama-sama, ina kore zancen. Yanzu ga shi a buge, da harshen da kake alfahari na iya.

Mai farmasin ya ga na daɗe a zaune, muka ɗan taɓa hira. Ya ce kada in ɗauka kwamfuta ba ta kuskure, yatsan likita yakan zame ya zaɓi layin da ke kusa, shi ma yakan mayar da irin waɗannan takardu. Na yarda. Amma kuskuren da ake iya karantawa ai ana iya komawa da shi a yi tambaya. Ni me zan koma da shi? Me likitan nan ya rubuta a takardarka? Ko shi ma ukun ya rubuta don gajiya? Wani lokaci har fatan haka nake yi, don in sami wanda zai kama mini kayan nan. Ban san sunansa ba. Malam Idi kuwa a watan aka sa shi a jirgi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma da ka zauna a asibitin fa? Da na ce ban gane ba fa? Za ka ji kunyata a gaban mutane, na sani, ka yi fushi na yini ɗaya. Shi ke nan abin da na guje wa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Yau da safe na raba ƙwayar da wuƙa na sa wa Inna a hannu. Ta juya ta, ta kai kusa da ido, ta ce ai wannan maganin babanku ne. Ta ce kai uku cur ake ba ka, ita don me rabi, likitocin yanzu rowa gare su. Ta ce in ƙara mata, tunda na fi su sanin aikin, ni da na yi jinyarka ban taɓa saɓa lokaci ba. Da wannan take yabona a gaban duk baƙon da ya shigo gidan nan tun rasuwarka.

Na ce likita ta hana. Ta juya fuska bango, ta ce yanzu har magani nake yi mata ƙwauro. Na saka kwalin a jakata, da shi nake zuwa ko'ina, har banɗaki. Idan na faɗa mata gaskiya, da wace zuciya za ta ɗauka, wannan da ake lallaɓawa da rabin ƙwaya? Idan na yi shiru, ranar da na manta jakar a ɗaki za ta sha yadda ta ga ana ba ka. Ka san halinta. Gobe da safe za ta sake tambaya, kuma ban san me zan ce mata ba.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa can ta fi nan. Sai mun zo.

'Yarka,
Balaraba